Murafai Uku da Koren Jirgin Baba

Zuwa ga Yayana abin alfaharina,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Anti da yara duka. Allah ya ƙara maka lafiya da rufin asiri, ya raba ka da sharrin aiki da na mutanen wurin aiki, ya kuma yaye maka ciwon bayan nan da kake ɓoye mana. Eh, na sani. Anti ce ta gaya mini, kuma kada ka kuskura ka yi mata faɗa, ni na matsa mata da tambaya har ta faɗa.

Mu ma nan alhamdu lillahi. Gwiwar Inna ta yi sauƙi tun da ta haƙura da hawa bene don yin shanya, ko da yake kullum sai ta tsaya a gindin matakala tana gaya mini ban iya shanya ba. An mayar da maigidana aikin safe, yanzu yara suna ganin fuskar ubansu da rana, har ƙaramar ta daina yi masa kallon baƙo. Ita ƙaramar ta zubar da haƙoran gaba biyu, tana yawo tana nuna wa kowa giɓinta. Babbar ta haye aji na gaba, ta ce in gaya maka lissafi ya daina ba ta tsoro. Shago na tafiya daidai gwargwado, keken ɗinkin ma ya bar cin zare tun da aka canja masa ƙugiya. Rufin kicin da ke yoyo an gyara shi. In da a nan labarin ya tsaya, da waya kawai zan ɗaga mu gaisa.

Na san za ka yi mamakin ganin rubutun hannuna, ni da ko saƙon waya nake ganin tsawonsa. Abin da ya kawo takardar ba ya shiga waya. A cikin ƙunshin da abokin aikinka zai miƙa maka akwai murafan gwangwani guda uku, kowanne na naɗe shi a ƙyalle daban. Don Allah kada ka buɗe su a ƙarƙashin ƙwan lantarki, kada kuma ka bari yara su sa musu hannu, ka bari sai ka kai ƙarshen takardar. Maganar Baba ce, da jirginsa, da idonsa na hagu da ke neman tafiya muna kallo.

Rabonka da tsohon ɗakinka shekara biyu, ba za ka gane shi ba yanzu. Teburin da ka bari a tsakiya ya haifi wasu uku, sai mutum ya bi ta gefe yana tattare riga. Layin dogon ɗan jirgin wasan Baba ya zagaye ɗakin, ya ratsa dutsen da Baba ya yi da takarda da gam, ya haye gadar tsinken ashana, ya dawo ta inda gadonka yake a da. Kamfanin jirgin ma ya samu suna, an rubuta a allo an kafa a bakin ƙofa: Sannu Ba Ta Hana Zuwa. In ka ji Baba yana ba da tarihinsa sai ka rantse akwai shi a duniya. Wai gishiri da wasiƙu yake ɗauka daga bakin kogi zuwa garin kan dutse, wai akwai shekarar da ambaliya ta cinye gada. Tashoshin da sunayen da ya laƙaba mana ya sa musu, tawa Tarago, tunda ni ce mai bin duk wanda ya ja ni, taka kuma Jan Sigina, mai tsayar da jirgi ko da sarki ne a ciki. Har jadawalin tashi da sauka ya manna a bayan ƙofa. Kullum da hantsi Kawu Direba, tsohon abokin aikinsa, yake zuwa da sandarsa ya zauna gaban makunni, su biyu tsofaffi su yi ta musu a kan wanda ya jawo jirgin ƙarfe goma ya makara da minti uku. Taragu sun sha fenti, gidajen tasha sun sha, har ɗan akuyar da ke bakin gada. Kan jirgin ne kaɗai ya daɗe tsaye da fentin share fage, ruwan toka, domin Baba ya ce mutumin da ya yi shekara talatin da takwas yana fentin kawunan jirgi na gaskiya da zanen wasu, in ya samu nasa na kansa ba zai yi masa gaggawa ba.

Zane goma sha ɗaya ya yi a kwali kafin ya tsayar da ɗaya, kuma duk sai da muka sha su. Na farko ratsi biyu ne a jiki, Kawu Direba ya ce ya yi kama da motar ɗaukar marasa lafiya, aka jefar. Wani ya sa wa hancin jirgin ja gaba ɗaya, Inna ta ce kamar mai mura. Akwai wanda ya fi burge ni, mai ratsin da ke gangarowa daga rufi, amma Baba ya ce ni tela ce, ado nake gani, shi kuwa yana tunanin mai tsaron mararraba da zai hango jirgi daga nesa cikin ruwan sama, dole goshin ya yi haske. Na tara aka tsaya a kai. Ƙafafu da ƙarƙashi baƙi, don a nan mai da datti suke taruwa. Rufi ruwan toka mai haske saboda rana. Ƙarfen gaba ja. Ratsi ɗaya rawaya, siriri, ya taso daga baya ya bi ta ƙarƙashin tagar direba, in ya iso hanci ya karye ya sauko su haɗu da ɗan'uwansa na ɗaya gefen. Sunan kamfani da farin harafi mai inuwa baƙa, irin rubutun da ya iya tun yana saurayi. Jiki kuwa kore. Duk wannan dogon bayani a kan wani abu ne da bai kai tsawon tafin hannuna biyu ba, amma wallahi na ga manyan riguna da ba a yi musu rabin wannan shawarar ba.

Koren kuwa ka san shi a baki, kamar yadda duk muka san shi. Shi ne na kan jirgin farko da aka ba shi ya yi wa fenti a rumfar reluwe, wanda daga baya aka zo aka canja wa kamfanin launi aka shafe shi, ko murfi ɗaya bai rage ba. Babu inda aka rubuta yadda ake haɗa shi, a idon Baba kawai yake. Ka kuma san dokar rumfarsu, tunda da ita aka raine mu. Ba a yanke wa ɗanyen fenti hukunci. A shafa a murfin gwangwani, a bar shi kwana uku, a fitar da shi da safe a inuwa, sannan a kira wani ya duba, domin mai haɗi ba ya shaidar haɗinsa. In mai shaida ya yarda, ya sa hannu a bayan murfin, a huda a zura a waya. Ranar da ka zo hutu ya miƙa maka murfin farko yana murmushi, ni ina tsaye a bakin ƙofa da tire. Ka duba, ka ce masa wannan shuɗi ne, ba kore ba, kuma ya kamata ya je likita ya duba masa ido. Ka tuna abin da ya biyo baya, ba sai na tona ba. Ya ce ka fita masa daga ɗaki, kai kuma da taurin kan da ka gada a wurinsa ka fita daga gidan gaba ɗaya kwana biyu kafin ranar tafiyarka. A lokacin na ji haushinka ƙwarai, na ce a raina ai ko gaskiya ce akwai yadda ake faɗinta.

To, Yaya, daga ranar muka ɗauki darasi, kuma mugun darasi muka ɗauka. Kwana huɗu Baba bai shiga ɗakin ba, abinci ma sai an yi da gaske. Inna ta kira ni kicin ta ce mutumin nan ba shi da sauran abin da ke tashinsa da safe sai jirgin nan, in ya sake nuna murfi kowa ya ce ya yi, kore da shuɗi duk ba ci ake yi ba. Na ce to. Kullum ni ai to ce. Da ya sake haɗawa ya kira ni, ya ce tunda sana'ata ce daidaita zare da yadi, ni ce mai shaidar kamfani daga yau. Na riƙe murfin a inuwar baranda, ina ganinsa shuɗi ƙarara, ya ma fi wanda ka gani, na buɗe baki na ce masha Allah, kore ya yi. Ya ba ni fensir na sa hannu a baya. Bai tsaya nan ba, don shi da kansa yana jin da saura, sai ya ƙara shuɗi ya sake kira na. Murfi bakwai na sa wa hannu a cikin wata biyar, kowanne ya fi na baya nisa da kore. Ni da mace za ta kawo mini yadi in zagaye kasuwa ina neman zaren da ya dace da shi, in ƙi karɓar wanda ya kauce ko da kaɗan ne. Inna ta sa hannu a biyu da ɗan zanen da take yi a madadin suna. Kawu Direba ma ya sa a ɗaya, daga baya ya same ni a shago ya ce shi ya ɗauka nasa idon ne ya lalace, da ya ga hannuna a sauran sai ya bi.

Mako uku ya yi yana fentin kan jirgin. Da ka gan shi da sai ka ji tausayi da sha'awa a lokaci guda. Ya sa tabarau biyu, ɗaya a kan ɗaya, ya kafa gwiwar hannu a kan littafi don kada ya yi rawa, yana yanka salatif siriri da reza don fitar da ratsin. Buroshin da ya yi haruffan da shi gashi uku ne ko huɗu, daga tsohon buroshinsa na aiki ya tsige su. Sau biyu ratsin yana karkacewa a hanci, sau biyu yana gogewa ya sake. Hannun nan bai manta komai ba, layin ya fito a miƙe kamar an ja da rula. Ranar da ya gama ya sa rigarsa ta fita, ya tara mu, Kawu Direba ya murɗa makunni, jirgin ya fito daga cikin dutse shuɗi shar da ratsinsa rawaya, muna ta tafi. Baba ya share ido ya ce shekara hamsin rabonsa da wannan koren, yau ga shi ya dawo gida. Na yi tafi har tafin hannuna ya yi zafi, don kada a ga fuskata.

Likitan da ka ce a gani tun shekara biyu, sai watan jiya aka gan shi, bayan Baba ya zuba ruwan zafi a gefen kofi ya ƙone yatsu biyu. Yanar ido ce ta rufe idanun biyu, ta dama aka fara cirewa. Aikin ya yi kyau, Allah ya saka wa likitan da alheri. Da aka cire bandeji muka fito, Baba ya tsaya a bakin titi yana kallon sama kamar baƙo, ya ce ashe haka take. A mota yana ta karanta allunan shaguna da ƙarfi yana kushe masu rubutun. Da muka iso gida ya kalli Inna ya ce yaushe ta tsufa haka ba a gaya masa ba, ta ce ya je ya duba madubi tukuna. Muna ta dariya, wallahi na manta da jirgin sam. Sai da na ga ya nufi ɗakin jirgin na tuna, na bi shi a baya. Ya buɗe taga, ya tsaya a kan jirgin. Ya rufe idon dama da tafin hannu ya duba, ya sauke, ya rufe na hagu ya duba. Ya yi haka ya fi sau biyar. Daga nan ya ɗauko wayar murafan daga ƙusa, ya riƙa juya su ɗaya bayan ɗaya yana karanta hannun da ke baya da sabon idonsa. Na so ya yi faɗa, na so ya jefe ni da su. Bai yi ba. Tambayata kawai ya yi shekara nawa na yi ina ɗinki, na ce sha shida, ya gyaɗa kai ya mayar da wayar inda take.

Da muka koma asibiti likita ya yi mana bayanin da ya ƙara kashe mini jiki. Ya ce yanar da ta daɗe takan yi duhu ta koma ruwan ƙasa, ta riƙa tare shuɗi, shi ya sa Baba yake ta ƙara shuɗi yana ganin bai isa ba. Wato abin da ka faɗa ke nan a tsaye, a cikin minti ɗaya, aka kore ka. Sannan ya ce ta idon hagu ta nuna har ta wuce, ruwan idon ya fara hawa, in aka yi sakaci idon zai mutu, kuma in ya mutu babu aikin da zai dawo da shi. Ya ba mu rana, yau saura kwana goma sha tara. Sai da muka dawo Baba ya gaya wa Inna ba zai je ba. Ya ce idon hagun nan shi kaɗai ya rage a duniya da ke ganin koren, in ya rufe na dama jirginsa yana nan yadda ya san shi, in aka wanke wannan ma shi ke nan an sake shafe shi karo na biyu. Ya ce ba zai ba da idon ba sai ya haɗa koren gaskiya wanda kowa zai gani, an shaida shi bisa doka, an sa hannu. Inna ta ce to ga mu, a kawo mu shaida. Ya ce mata a rumfarsu, wanda ya sa hannu a kan ƙarya sau ɗaya ba a sake miƙa masa murfi.

Babu abin da ba mu gwada ba. Inna ta yi lallashi, ta yi kuka, ta yi fushin kwana biyu, ta dawo ta yi lallashi. Kawu Direba ya zo ya ba da haƙuri, Baba ya ce ya yafe, amma jirgi ba zai tashi da launin da ba na kamfani ba, ya cire jadawalin daga bayan ƙofa. Yanzu Kawu yakan zo ya zauna a baranda ya sha shayi ya tafi, ba musu ba dariya. Maigidana ya kawo shawarar a ɗauki hoton sabon haɗin a tura maka, muka ɗauka da waya uku, kowacce ta fitar da koren ta daban, Baba ya ce ga shi nan, har wayoyin gidan ba su da gaskiya. Na je babban shagon fenti na karɓo littafin launukansu, kore ya fi kala arba'in a ciki, ya duba ya ce duk na bangon ofis ne. Ya koma haɗi, amma yanzu bai yarda da kowanne ido ba. Na dama yana nuna masa komai da shuɗi-shuɗi, likita ya ce sai a hankali zai daidaita, na hagu kuma ya riga ya san halinsa. Sai ya ɗiga rawaya ya rufe wannan ido, ya ɗiga shuɗi ya rufe wancan, ya zauna da tsinken juyawa a hannu. Jiya da safe na ga yana dafe gefen kansa na hagu, da na tambaya ya ce ba komai, alhali likita ya ce ciwon kai a wannan gefen alama ce. Abin da ya fi ci mini rai shi ne ladabin da yake yi mini. In na kai masa shayi sai ya ce an gode, Allah ya yi albarka, kamar 'yar maƙwabta ce ta kawo. Rabon da ya kira ni Tarago tun ranar da aka cire bandejin.

Ka san Baba, ko sama da ƙasa za su haɗu ba zai ce a kira ka ba, sunanka ma bai ambata ba. Amma shekaranjiya da na shiga ɗakina zan ɗauki almakashi, na tarar da murafai uku a jere a kan keken ɗinkina, sun bushe, an rubuta musu ɗaya, biyu, uku. A ƙarƙashinsu akwai tsohon ambulan ɗin da ka taɓa aiko wa Inna hotunan yara a ciki, an juyo gefen da adireshinka yake. Ban san inda ya samo shi ba, Inna ta ce ita a ƙasan akwatinta ta ajiye. Na fito na same shi a baranda, na ce na ga saƙo. Ya ce shi bai ba da saƙo ba, ya dai ajiye kaya a inda ya ga wuri. Can kuma, yana kallon titi, ya ce in za a naɗe fenti a sa ƙyalle mai laushi, takarda tana kama shi.

To ga su nan na aiko. Ka fitar da su da safe, bayan rana ta ɗaga kaɗan, ka tsaya a inuwa, kada ka sa su kusa da ganye ko wani abu kore. Kai ma ba ka taɓa ganin koren farko ba, na sani, kuma shi ma ya sani. Ina jin ba wannan yake nema a wurinka ba, so yake wanda bai taɓa yi masa kara ba ya gaya masa wanne ne kore mai kyau da ya dace da ratsi rawaya da baƙin ƙafafu. Ni ina da wanda nake gani ya fi, amma ba zan faɗa ba, bakina ya riga ya zube a wannan maganar. Kuma kada ka ga kwanakin nan sha tara ka ce bari ka zaɓi ɗaya don a wuce wurin. Na yi tunanin roƙonka haka, har na rubuta a takardar farko na yaga. Zai gane, yanzu yana gane mai yi masa kara tun kafin ya buɗe baki, kuma in ya gane a wurinka ba mu da sauran kowa. In babu wanda ya yi a cikin ukun, ka ce babu. Na san abin da hakan ke nufi, sabon haɗi, kwana uku na bushewa, da jiran wani matafiyin da zai kai maka, kuma na ƙirga kwanakin a yatsa sun ƙi isa. Ban ma da tabbacin in ka ce na biyu ya yi zai tashi ya bi mu asibiti. Ban san komai ba, Yaya. Na yi ƙarya don in faranta masa, ga inda ta kai mu, yanzu kuma ina roƙon gaskiya ina jin tsoronta. Allon ƙofarsa ya ce sannu ba ta hana zuwa, amma likita bai ba mu sannu ba.

In ka duba, kada ka kira ni, kada ka kira Inna. Wayarsa za ka kira, da hantsi, lokacin da yake zaune a ɗakin. Wataƙila ya bar ta ta yi ta ƙara har ta katse, ka sake kira. In ya ɗauka kada ka fara da maganar ido, kada kuma ka ce ai ka faɗa tun da can, ko da yake ka faɗa ɗin. Ka yi masa maganar murfi kawai, kamar yadda abokin aiki zai yi.

Ka gaishe mini da Anti da kyau, ka ce na gode da sirrin da ta ba ni, Allah ya bar zumunci. Ka shafa mini kan Babban Mutum da 'Yar Lele, ka ce rigunansu suna nan na yanka, hankalina ne bai kwanta in ɗinka ba. Inna tana gaishe ku, ta ce ka riƙa sa matashi a bayanka in za ka zauna. Maigidana da yara suna gaisuwa, Kawu Direba ma ya ce in gaishe da Jan Sigina. Shekara biyu ke nan duk saƙon da na tura maka sai na rufe da cewa Baba yana gaishe ka. Bai taɓa cewa ba, ni nake ƙarawa, kuma yau ban ƙara ba. Amma in ka gama duba murafan ka juya bayansu. A wurin da mai shaida yake sa hannu ya ja layi da rula a kowanne, ya bar shi fili, a ƙarƙashin layin kuma ya rubuta sunan da yake kiranka da shi, da harafin nan nasa mai inuwa.

Allah ya sada mu da alheri, ya ba Baba lafiya, ya yafe mini.

Ƙanwarka mai jiran ƙarar wayar Baba,
Tarago